Yadda Ake Kwana a Tanti Cikin Sanyi da Ruwan Sama a Duwatsun Saudiyya

Wanda ya saba da zafin Jidda ko na Makka, idan aka ce masa akwai inda ake karkarwar sanyi a ƙasar nan har haƙora su riƙa haɗuwa, sai ya ɗauka zolaya ce. Alhali tafiyar awa biyu da 'yan kai daga Jidda ta isa ta kai ka Ɗa'ifa, ka hau Hada ko Shafa, inda tsayin ƙasa ya kai mita 2,000 daga teku. In ka miƙa kudu za ka tarar da dajin Ragadan a Baha, sannan Abha a yankin Asir, sannan dutsen Suda wanda ya kai wajen mita 3,000. A arewa kuma akwai Jabalul Lauz a yankin Tabuka, inda dusar ƙanƙara kan sauka a wasu shekarun. Lissafin mai sauƙi ne: duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska kan ragu da digiri shida da rabi ko kusa da haka. Daren da mutanen Jidda ke cewa yau gari ya yi daɗi a digiri 20, wanda ke kan Suda yana dab da sifiri.

Samarinmu Hausawa mazauna Saudiyya da dama sun shiga wannan al'ada ta fita daji da 'yan ƙasa ke kira kashta, kuma abu ne mai kyau. Sai dai akasari shirin sanyi suke yi, su loda barguna cike da bayan mota, su manta da shirin ruwa. Busasshen mutum yana iya jure sanyin duwatsun nan da kaya kaɗan. Jiƙaƙƙe kuwa ko bargo biyar ka lafta masa ba zai daina rawar ɗari ba, domin ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninkin-ba-ninkin. Jiƙar nan ta hanya uku take zuwa: daga sama, daga ƙasa, da kuma daga jikinka, wato zufa da numfashi. Duk abin da zan faɗa a nan dabarun toshe waɗannan hanyoyi uku ne, sai abubuwa biyu da ke kisa, ambaliya da hayaƙin gawayi.

Kayan da za ka tanada

Tanti shi ne farko. Nemi mai riga biyu: ta ciki mai shan iska, da ta waje mai tare ruwa wadda ke sauka har kusa da ƙasa. A jikin jakarsa ko kwalinsa za ka ga an rubuta ƙarfin tare ruwansa da milimita. Ƙasa da 1,500 kada ka saya, in ka sami 3,000 ka huta. Waɗannan ƙananan tantuna masu buɗewa da kansu da ake kai wa bakin teku, na inuwa ne da hana sauro, ruwan Asir ba ya ganinsu da gashi. Babban tantin yadi mai kauri irin wanda ake kawowa daga Pakistan yana da ɗumi, kuma ya dace da iyali, amma yana da nauyi, in ya jiƙe kuma mutum biyu ne ke ɗaga shi da ƙyar.

Sai tamfol biyu, ɗaya na shimfiɗawa ƙarƙashin tanti, ɗaya babba na yin rumfa. Igiya ta roba mai tsawo, aƙalla mita 20. Turakun ƙarfe masu kauri da guduma, don siraran da ke zuwa da tanti lanƙwashewa suke yi a ƙasar dutse.

Na kwanciya: abin shimfiɗa mai raba ka da ƙasa, da jakar barci. A jakar barci akan rubuta lambobi biyu ko uku na sanyin da take ɗauka. Dubi wadda aka ce ta jin daɗin barci, ita ce ta gaskiya. Mafi ƙanƙantar lambar tana nufin ba za ka mutu ba ne kawai, ba wai za ka runtsa ba. Don duwatsun kudu a lokacin hunturu, nemi wadda lambar jin daɗinta ke wajen sifiri. In babu jakar barci, barguna biyu masu kauri da farwa, wannan alkyabbar mai gashi a ciki da Larabawa ke sawa, za su fitar da kai.

Na sawa: riga da wando na ciki masu kama jiki waɗanda ba auduga ba, irin yadin rigar 'yan ƙwallo, suwaita ta ulu, rigar ruwa mai hula, safa mai kauri ƙafa uku ko huɗu, hular sanyi, safar hannu, takalmi rufaffe, da silifa na alwala.

Sauran ƙananan abubuwa su ne manyan ledojin shara baƙaƙe, ka ɗauki da yawa don su ne suka fi komai amfani a tafiyar nan, da tocila ta goshi, ashana ko leta a ƙulle cikin leda, ƙaramin murhun gas, buta, fulas, tsumma ko soso na goge ruwa, salatif mai faɗi na like huda, abin cajin waya, ruwan sha, magungunanka, da iƙamarka, wato katin izinin zamanka. Yawancin kayan nan ana samunsu a shagunan kayan rihla, wato kayan fita daji, kuma na hannu suna da sauƙi a kasuwar Haraj ta Sawarik a Jidda. In na hannu ka saya, kafa shi a gida ka zuba masa ruwa da tiyo na minti goma, ka shiga ciki ka duba ɗinkunan.

1. Duba sama tun kana gida

Ruwan duwatsun Ɗa'ifa, Baha da Asir ya fi yawa daga Maris zuwa Mayu. A Asir yakan dawo a Yuli da Agusta, yawanci da la'asar, da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. A hunturu kuma hazo ne da yayyafi da sanyi mai ratsa ƙashi, musamman a kwanaki arba'in ɗin nan na tsananin hunturu da ke farawa a farkon Disamba. Cibiyar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da gargaɗi mai launi, rawaya, ruwan lemo da ja, gari-gari. In ka ga ja ko ruwan lemo a inda za ka, ɗage tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ka kuma tambayi halin hanya. Hawan Hada akan rufe shi in hazo ya yi yawa ko ana ruwa, sai a koma ta hanyar Sailul Kabir, wadda ta fi nisa. Bincika ko wurin da ka nufa an yarda a kafa tanti, domin wasu gandun dajin sai da izini, wasu sassan Suda kuma ana ayyukan gini a cikinsu. Faɗa wa wani a gida inda za ku da ranar dawowa.

Magana ɗaya da ta shafe mu musamman: in akwai mai ciwon sikila a cikinku, sanyi da hawa tudu mai nisa duk suna tayar da ciwon. A nemi shawarar likita tukuna. Haka mai asma da mai ciwon zuciya.

2. Ɗaure kaya yadda ruwa ba zai same su ba

Saka ledar shara cikin jakarka, ka zuba tufafi a cikin ledar, ka murɗe bakinta. Jakar barci ko barguna su sami tasu ledar. Sannan ka ware kayan barci, riga da wando da safa da hula, a wata leda daban wadda ba za a buɗe ba sai za a kwanta. Ko me ya faru da rana, ko an jiƙe sharkaf, waɗannan ba a taɓa su. A mota, tamfol da igiya da rigar ruwa su ne a sama, don su za ka fara nema.

3. Zaɓen wuri

A nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci, don haka ka isa da sauran rana, aƙalla awa biyu kafin magariba.

Wurin da ya fi jan ido shi ne cikin kwari. Ga yashi mai laushi shimfiɗe, ga bishiyoyi, ga iska ba ta dukansa, mota kuma ta shiga ba wahala. Wannan yashin ruwa ne ya kawo shi, kuma zai dawo. Duwatsun nan ba sa shan ruwa, duk abin da ya zuba gangarowa yake yi ya taru a kwari ɗaya, ya taho da duwatsu da itatuwa. Ana iya yin ruwan a can nesa inda ba ka gani, kai samanka garau, ambaliyar ta riske ka cikin dare. Mutanen Jidda ba sa buƙatar dogon bayani. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, ana farkon aikin Hajji, ruwan da ya gangaro daga kwaruruwan gabashin gari ya afka wa unguwanni irin su Ƙuwaiza, mutum fiye da ɗari suka rasu. A cikin gari ke nan, mai gine-ginen siminti, balle tanti. Ko da ka ga wasu sun kafa a kwari sun kunna fitilu suna shan gahawa, wuce su. Dubi jikin bishiyoyi da duwatsun gefe: in ka ga busasshiyar ciyawa da ledoji sun maƙale a sama da ƙasa, nan ruwa ya kai a zuwansa na baya, ka hau sama da wurin sosai.

Ƙolin tudu shi ma ba wurin kwana ba ne. Can iska ta fi ƙarfi, can kuma aradu ke faɗuwa. Kada ka kafa a gindin bishiya tilo mai tsayi, ko ƙarƙashin gangaren da duwatsu ke iya mirginowa in ƙasa ta jiƙe, ko bakin rami mai zurfi, don in hazo ya sauka ko tafin hannunka ba ka gani sosai, ga yara.

Abin da kake nema shi ne tsaka-tsaki: ɗan tudu mai ɗan gangare kaɗan, wanda wani dutse ko jerin bishiyoyi ya tare masa iska. Tsuguna ka dubi ƙasar da kyau. Inda ka ga laka ta bushe ta tsattsage, ko ƙasa ta yi sumul kamar an shafe ta, ruwa na kwanciya a wurin. Inda ka ga ƴan siraran layuka a ƙasa, hanyar ruwa ce. In kana shakka, tsiyaya ruwan buta ka ga inda ya nufa. A da can mutane kan haƙa ƙaramar lambatu kewaye da tanti. A gandun daji na hukuma ba a son haka, kuma in ka zaɓi wuri daidai ba ka buƙatarta.

4. Fara da rumfa, sannan tanti

In ana yayyafi lokacin da kuka isa, kada ka zazzage tanti a fili. Sa rigar ruwa, ɗaura babban tamfol tsakanin bishiya biyu, ko tsakanin mota da sanda biyu, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo sosai don ruwa ya sami gangara. Tamfol da aka ɗaura a kwance tara ruwa yake yi a tsakiya har ya yage. Ƙarƙashin rumfar nan za ka harhaɗa tanti, nan za a yi girki, nan za a tuɓe jiƙaƙƙun kaya.

Share tsakuwa da ƙaya, ka shimfiɗa ƙaramin tamfol. Ga kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi: barin bakin tamfol ya leƙo waje da tanti. Na taɓa ganin wasu samari da suka kafa kusa da mu a Shafa, tantinsu sabo fil, mai tsada, amma tamfol ya fito kamu guda ta kowane gefe. Ruwan da ke zubowa daga rufin sai ya sauka a kan wannan bakin, ya bi ta ƙarƙashi ya kwanta tsakanin tamfol da gindin tanti. Da asuba in ɗayansu ya danna ƙasa da hannu sai ka ga tana motsi, katifunsu sun sha sun ƙoshi, su kuwa suna ta zagin mai shago. Naɗe bakin tamfol ɗin zuwa ƙasa, ya shige ciki da kamar faɗin yatsu huɗu ta ko'ina.

Juya wa iska bayan tanti, ƙofa ta kalli inda iskar ke tafiya. In ƙasa na da gangare, kanka ya kasance ta sama. Kafa turaku a karkace, kansu yana kallon nesa da tanti, ka ɗaure duk igiyoyin da ke jikin rigar waje, har waɗanda kake ganin ado ne. Aikinsu shi ne su hana rigar waje taɓa ta ciki. Ko'ina ka zura hannu tsakaninsu ya kamata ya wuce. Inda suka haɗu, nan ruwa zai naso.

In ƙasa dutse ce turke ya ƙi shiga, ɗaura igiyar a jikin ɗan guntun itace ko ƙaramin dutse, ka ajiye a ƙasa, ka ɗora babban dutse a kan igiyar ta gabansa. Ya fi turke riƙo.

Yadin roba yakan saki in ya jiƙe, don haka bayan an fara ruwa ka fita ka ƙara ɗame igiyoyi. Tantin yadin auduga da igiyar auduga ko ta rama akasin haka suke: tsukewa suke yi, sai ka ɗan sassauta, in ba haka ba su tumɓuke turaku da kansu. Sabon tantin auduga kuma yakan yi yoyo a ruwan farko, shi ya sa ake jiƙa shi a gida a bar shi ya bushe sau biyu ko uku kafin a fita da shi, zaren ya kumbura ya toshe hudar allura.

Wanda ba shi da sai tanti mai riga ɗaya, ya ɗaura tamfol a samansa ya rufe shi duka har ya zarce ta ko'ina, amma a bar tazara tsakaninsu. Kada a lulluɓa shi kai tsaye a jikin tantin.

5. Shimfiɗa: na ƙasa ya fi na sama

Ƙasa mai sanyi ta fi iskar tanti shan ɗumin jikinka, kuma duk abin da ka danne da nauyinka ba ya riƙe ɗumi. Saboda haka in barguna uku gare ka, biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Tsarin da nake bi: darduma ko kafet a cika gindin tanti da shi, sai tabarmar soso mai tauri wadda ba ta shan ruwa, sai bargo, sannan jakar barci. Katifar hurawa ita kaɗai yaudara ce, ga laushi amma iskar cikinta sanyi take ɗauka ta miƙa wa bayanka, sai ka shimfiɗa bargo ko soso a kanta. In babu ko ɗaya, kwalaye da aka buɗe aka jera biyu-biyu suna aiki ƙwarai, kuma kowace baƙala, wato kantin unguwa, za ta ba ka kyauta.

Ja komai daga jikin bango. Jaka, filo, ƙafar jakar barci, kada ɗaya ya jingina.

6. Bar wa numfashi hanya

Da sanyi ya matsa, hannu kan kai ga zif a rufe kowace kafa. Da safe sai a tashi a ga ruwa na ɗiga daga rufi, a ce tanti na yoyo, alhali ko ɗigo ba a yi a waje ba. Tururin numfashinku ne ya haɗu da yadi mai sanyi ya koma ruwa. Mutum huɗu a tanti ɗaya suna iya jiƙa shi tas kafin asuba. Buɗe ƴan tagogin sama, ka bar ɗan tsagi a saman ƙofa, ko da ana ruwa. Ɗumin da za ka rasa kaɗan ne, domin ba tanti ne ke ɗumama ka ba, shimfiɗarka da kayan jikinka ne. Aikin tanti tare ruwa da iska. In kuna cikin hazo irin na Suda wanda ke shigowa har cikin tanti, goge bangon da tsumma kafin kwanciya da kuma da asuba.

Jiƙaƙƙun kaya da takalma ba sa shiga ciki. Rataye su ƙarƙashin rumfa, takalma kuma a kife su a ɗan zauren ƙofar tanti, a kakkaɓe kafin a sa saboda kunama.

7. Sutura

Ka san yadda randa ke sanyaya ruwa: jikinta na naso, iska na busawa, zafi na fita. Haka jiƙaƙƙiyar rigar auduga ke yi wa mai ita. Jallabiya da singileti da wandon jins duk auduga ne ko kusa da ita, suna shan zufa su riƙe. Sa mai kama jiki wadda ba auduga ba a ciki, suwaita a kai, rigar ruwa a waje. Siraran kaya uku sun fi ƙato ɗaya, domin kana iya ragewa. Kuma ka rage tun kafin ka yi zufa: za ka buga turaku ko ɗauko kaya, cire suwaita, ka gama ka mayar nan take. In babu rigar ruwa, huda ledar shara ta wuya da hannuwa. In takalmi ya jiƙe, sa busasshiyar safa, ka zura ƙafar a ƙaramar leda, sannan ka sa takalmin. Wannan na zirga-zirga ne, ba a kwana da leda a ƙafa.

Alwala ita ce jarrabawar asuba. Cika fulas da ruwan zafi tun dare, ka sirka a buta, ka yi a ƙarƙashin rumfa, ka goge jiki sosai kafin ka mayar da safa.

8. Wuta da girki

Duk shekara hukumar kare farar hula tana maimaita gargaɗi ɗaya, duk shekara kuma ana samun waɗanda suka kwanta ba su tashi ba. Garwashin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ko da ya ruru ya yi ja babu hayaƙi. Kada kurfoti ya shiga tanti. Ba na minti biyar don a ɗan ɗumama ba, ba a bakin ƙofa ba. Haka murhun gas, haka hita ta kananzir ko ta gas, haka gawayin shisha. Haka nan kwana a mota a rufe tana kunne. Alamun gubar su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma abin da ke ruɗarwa shi ne hawa tudu ma yana sa ciwon kai. In mutum biyu sun yi kukan kai lokaci ɗaya kuma akwai wuta kusa, a fita fili tukuna, a yi bincike daga baya.

Girki a ƙarƙashin rumfa ta gefen da ya fi tsawo. Wutar itace kuwa nesa da tamfol da tanti, ta inda iska ba za ta kai musu tartsatsi ba, kuma a cikin kasko, ba a kan ƙasa ba. Doka ta hana sare itacen daji da amfani da itacen gida irin samur da gada, akwai tara mai nauyi, don haka sayi na shigowa daga waje a shago, ka sa shi a leda. Ƙananan gwangwanayen gas suna rauni in sanyi ya kusa sifiri, sai ka ga wuta ta yi ƙasa alhali gwangwani a cike yake. Sa shi cikin rigarka ya ɗan ɗumama. Kada ka kusanta shi da wuta.

Ci da kyau da dare, abinci mai zafi mai maiƙo, don shi jiki zai ƙona har safe. Farfesu, kunun gyaɗa, shayi mai citta da kanumfari, dabino, dambun nama. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi. Abinci kuma a kulle shi a mota. Gwaggon birin Hada da Asir sun san leda, sun san kula, ba sa tsoron mutum, kuma sukan zo da ayari da sassafe. Kada a ba su komai, yara ma a ja musu kunne.

9. Kwanciya

Yi fitsari tukuna. Ɗan motsa jiki kaɗan har ka ji ɗumi, ban da zufa, domin jakar barci ɗumin da ka shiga da shi take tsarewa. Buɗe ledar nan ta kayan barci ka canza komai har safa, ko da kana ganin na jikinka a bushe suke. Sa hula. Zuba ruwan zafi a gora mai kauri mai murfi mai kyau, ka zura ta a safa, ka sa tsakanin cinyoyi ko wajen ƙafa. Robar ruwan sha ta kanti narkewa take yi, kada ka gwada. Hanci da baki su kasance a waje, in ka cusa kai ciki numfashinka zai jiƙa jakar. Waya da abin caji su kwana tare da kai, sanyi na cinye batir. Makullin mota, tocila da takalmi a wuri ɗaya da hannu zai kai cikin duhu.

Yara a sa su tsakiya, a riƙa taɓa ƙirjinsu da bayan wuyansu cikin dare. Jariri ba a kai shi irin wannan kwana.

10. Lokacin da za a haƙura

In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji ƙarar. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, kowa ya shiga mota a rufe gilasai, tanti ba ya kare kowa daga aradu. In ka ji wani ruri daga sama da kwari, a hau tudu da ƙafa, a bar kaya. Kada a ratsa ruwa mai gudu da mota, komai girmanta.

Ka kuma lura da abokan tafiya. Karkarwar da ta ƙi tsayawa, magana na harɗewa, hannu ya kasa ja zif, mutum ya yi shiru yana neman barci, duk alamun ɗumin jiki ya faɗi ne ƙasa da digiri 35. Cire masa jiƙaƙƙun kaya, naɗe shi da busassun barguna har kai, raba shi da ƙasa, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari in yana cikin hayyacinsa. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a kanga shi a wuta. In karkarwar ta tsaya amma ruɗewar na ƙaruwa, abin ya yi tsanani. Motar asibiti 997, kare farar hula 998, a yankin Makka kuma har da Ɗa'ifa 911 ta haɗa duka.

11. Naɗewa da shanya

Kwashe kayan ciki zuwa mota tukuna, sannan tanti, rumfa ce ƙarshe. In da rana, jira ta busar da raɓa. In babu, kakkaɓe tantin, ka raba rigar waje da ta ciki, kowace a ledarta. Kashe wuta da ruwa har toka ta huce a hannu, ka kwashe shararku duka.

Da isarka gida, a ranar, fito da shi. Danshin Jidda ba ya ɗaga wa jiƙaƙƙen tanti ƙafa: kwana biyu a bayan mota sai ya yi baƙin tabo da warin da ba ya fita, in ya daɗe a haka kuma shafen da ke tare ruwan ma ya fara ɓarewa. Shanya shi a saman bene ko a kan igiya, ka juya ciki waje, ka taɓa ɗinkuna da kusurwoyi don su ne ke daɗewa ba su bushe ba. Tantin auduga yana iya cin kwana biyu ko uku. Goge lakar turaku, like duk hudar da ka gani tun kana tune da wurinta, jakar barci kuma a ajiye ta a sake cikin babban buhu, ba a matse a ƴar jakarta ba.